Kiwo, Kala da Tsintuwa: Tarihin Kalmomin Neman Abinci a Kudancin Nijar

Ɗalibin da ya zo fassara kalmar Faransanci fourrage, ko ƴar'uwarta ta Ingilishi forage wadda daga Faransancin aka aro ta, yakan tarar Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki nauyinta. Asalin kalmar abincin dabbobi ne, wato ciyawa da tattaka. Daga nan ta zama sunan fitar da sojoji ke yi su kwaso wa dawakinsu ciyawa, su kuma haɗa da abin da suka tarar a rumbunan mutane. A Ingilishi har ta kai ga yawon da tsuntsu ko mutum ke yi a daji yana neman abin kai wa baka. Bahaushe kuwa ya raba wannan fage gida-gida: kiwo, roro, kala, tsintuwa, farauta, biɗa, cin rani. Dukkansu fita neman abin ci ne, amma kowace tana amsa tambaya iri ɗaya da amsa dabam: abin da aka samu, na wa ne kafin a same shi, kuma wa ya ba da izinin ɗauka? Idan aka bi wannan tambaya cikin tarihin ƙasashen Maraɗi, Damagaram da Tawa, za a ga kalmomin suna nan yadda kakanni suka bar su, amma filin da suke aiki a cikinsa ya ƙuntata ƙwarai cikin shekara ɗari da ƴan kai.

Kiwo ita ce babbar yaya, kuma tana da fuska biyu. Muna cewa shanu suna kiwo, kaji sun fita kiwo, har tsuntsaye ma kiwo suke yi, ba tare da kowa ya kora su ba. Muna kuma cewa wane yana kiwon shanu, ma'ana shi ke tsaye a kansu. Faransanci yana da kalma dabam don cin ciyawar dabba, wata dabam don sana'ar renon dabbobi, amma Hausa ta haɗa cin da tsaron a baki ɗaya. Aikatau ɗinta shi ne kiwata. Mai aikin kuwa makiyayi ne, domin a Hausa harafin w yakan koma y idan ya zo gaban wasalin i ko e, kamar yadda ɓarawo ya ba da ɓarayi, hawa ta ba da haye. Jam'in makiyayi da sunan wurin kiwo rubutunsu ɗaya ne, makiyaya, karin sauti ne kaɗai ke raba su a kunne. A ganina kiyaye ma daga wannan tushe ta fito, shi ya sa kiwon lafiya bai yi wa kowa baƙon kalami ba da aka zo neman sunan aikin likitoci. Wanda ke kiwo yana da alhaki: in dabbarsa ta shiga gonar wani kafin lokaci, abin da ta yi ya tashi daga kiwo ya koma ɓarna, kuma ɓarna biyanta ake yi.

Roro da kala sun fi kama da juna a ido, don duka biyun sunkuyo ne ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Bambancinsu lokaci ne da mallaka. Roron wake ko na gyaɗa ɓangare ne na girbi. Abin da aka rora na mai gona ne, mai roron kuma ko ɗan gida ne ko ɗan ƙwadago. Kala ba ta farawa sai mai gona ya ɗaure dammansa ya kai rumbu, ya juya baya. Zangarniyar da ta faɗi, ƙwayar gyaɗar da ta maƙale a ƙasa, waɗannan sun zama na duk wanda ya kalata, kuma bisa al'ada masu kalar su ne tsofaffin mata, gwauraye, yara da almajirai. Ba roƙo ba ce, domin mai kala ba ya neman izinin kowa; ba kuma kyauta ba ce, domin mai gona bai miƙa da hannunsa ba. Haƙƙi ne da gari ya yarda da shi ba tare da an rubuta ba. Ƙanƙantar abin da ake samu ce ta haifi maganar nan ta tsintar dami a kala, ga wanda ya fita neman ƙwaya ya dawo da abin da bai yi tsammani ba. Wanda kuma ke bin mutane yana laƙaba wa kansa zumuncin da ya yi nisa, sai a ce yana kalen dangi, wato yana tattara ragowar da masu ita suka bari.

Tsintuwa kuwa wani sha'ani ne, domin abin da aka tsinta yana da mai shi, ɓata ya yi. A nan ne shari'a ta shigo da ƙarfinta. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wadda har yau ake biyawa a zaurukan Tasawa da Ƙonni, ya san hukuncin mazhabar Malikiyya: mai tsintuwa zai yi shekara yana sanarwa, raƙumin da aka gani shi kaɗai a sahara ba a kama shi, amma tunkiyar da aka tarar a dajin da babu mutane ana iya yankawa a ci. Hikimar a fili take, raƙumi yana iya kiwon kansa har mai shi ya zo, tunkiya kuwa in ba ka ɗauka ba kura za ta ɗauka. Hausa ma ta keɓe kalma ga neman da mai kaya ke yi, wato cigiya. Mutane na cewa tsintuwa ba sata ba ce, amma malamai sukan ƙara da sharaɗin cewa sai in an yi cigiya ba a sami mai ita ba.

Waɗannan haƙƙoƙi sun rayu ne a kan zagayowar shekara. Da damina gona ta manomi ce shi kaɗai, dabbobi kuma su nufi arewa, wasu har Ingal inda ake taruwa wajen watan Satumba don lasar gishiri, waɗanda suka rage a kudu su bi burtali da labi zuwa mashaya da hurumi. Kalmar hurumi daga Larabci take, daga tushen da ya ba mu haram: fili ne da aka hana nomawa domin amfanin jama'a. Idan kaka ta yi aka kwashe amfani, sai gonar ta buɗe hawa-hawa, masu kala su shiga, garken shanu ya biyo baya ya ci kara da ganyen da ya saura. Manomi mai wayo ma shi ke gayyatar Bafillace ya yada zango a gonarsa, ya ba shi damin gero, domin takin da shanu za su bari ya fi kara daraja. Mata su yi musayar nono da hatsi. Kada a ɗauka zamanin nan babu rigima a cikinsa. Ɓarna da shari'arta sun daɗe, sarakuna kuma sun daɗe suna cin rabonsu. Jangali yana cikin harajin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa da karɓa a littafinsa Kitabul Farƙi, duk da haka harajin bai mutu da jihadi ba, Turawa ma suka same shi suka riƙe. Amma ƙa'idar da kowa ya sani ita ce mallakar gona tana da lokaci, tana rufewa da shuka, tana buɗewa da girbi.

Ma'anar soja ta kalmar Faransancin nan ma ta zo ƙasar Hausa, kuma da ƙafarta ta zo. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya taso daga bakin Kwara ya nufi tafkin Cadi, da ɗaruruwan sojoji da ƴan dako da mata, ba tare da guzurin da zai ishe su ba, bisa tunanin ƙasar da za su ratsa ita za ta ciyar da su. Kowace rana sai an tura ƴan sintiri su kwaso hatsi da dabbobi da mutane, garin da ya ƙi a sa masa wuta. Haka suka yi a Lugu garin Sarauniya cikin Afrilu, suka yi mafi muni a Birnin Ƙonni cikin Mayu, kafin sojojinsu su kashe su kusa da Maijirgi cikin Yuli. A littafin soja wannan neman guzuri ne. Hausa ba ta taɓa kiran irinsa kiwo ko kala ba. Sunansa hari, abin da aka kwaso kuma ganima.

Inda kalmomin suka fi nauyi shi ne shekarun yunwa, lokacin da mutum ke komawa daji ya yi irin kiwon da dabba ke yi. Ilimin abincin daji tsoho ne a wannan yanki. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya ratso Azbin da Damargu ya iso Tasawa a farkon 1851, ya koka da yadda ƙarangiya ke manne wa tufafi, amma ya kuma lura cewa Buzaye da yawa ƙwayarta suke ci. A shekarar lafiya ma ba a raina daji: magarya, kurna, aduwa, goriba, ɗinya, ganyen tafasa da yaɗiya da gasaya na kwaɗo, fara da ake kamawa da sanyin asuba a soya a kai kasuwa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tarar kusan kowace ciyawa tana da suna, kuma ba a raɗa wa abu suna sai an san amfaninsa ko sharrinsa.

Sai dai abincin daji hawa-hawa ne, kuma matan karkara sun san matakan sarai. Akwai na marmari, akwai na ƙarin miya, akwai wanda ake ci cikin watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Can ƙarshe akwai anza, wadda ƴaƴanta ke da ɗacin da ba ya fita sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa, in an yi gaggawa kuwa su cutar. Ƙasa da anza kuma akwai tonon gidan tururuwa, a fasa ramin a kwashe ƙwayoyin da ƙwarin suka tara. Wannan kala ce a kan kala, domin tururuwa ita ta fara kalato hatsin daga gona. Tsofaffi sun ba da labarin an kai wannan mataki a yunwar 1913 zuwa 1914 da Hausawa suka kira Kakalaba, wadda ta haɗa Kano da Katsina da Damagaram ba ta tambayi iyakar Ingilishi da Faransi ba, an kuma sake kai shi a farin 1973 da na 1984.

Rashin sanin waɗannan matakai ya jawo ruɗani a 2005, bayan fari da farmakin fara na shekarar da ta gabata. Ƴan jaridar waje sun ɗauki hoton mata suna tsinkar ganye suka ce ga shaidar yunwa, alhali wasu ganyayen kowace damina ana cin su. Hukumomin Yamai kuma, har da shugaba Tanja Mamadu da bakinsa, suka musanta cewa akwai yunwa, alhali dubban yara na kwance a cibiyoyin tamowa na Maraɗi, hatsi kuma yana kasuwa farashinsa ya fi ƙarfin talaka. Da an tambayi matan wane ganye ne, a wane wata aka fara cinsa, sau nawa a yini, kuma da garin hatsi ko babu, da amsar ta fi hoto da sanarwar gwamnati faɗin gaskiya.

Ƙuntatar filin kiwo da kala ba dare ɗaya ta faru ba. Dokar gandun daji ta 1935 da Faransa ta shimfiɗa wa yankunanta na Afirka ta Yamma ta mai da dajin da ba shi da takardar mallaka na hukuma, dokokin bayan ƴanci kuma suka ci gaba da kare wasu itatuwa ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Kare itace ba sabon abu ba ne, domin ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya sa a kan saran gawo, amma yanzu sai manomi ya ga itacen gonarsa ya zama dalilin tara daga ma'aikacin gandun daji, ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Noman gyaɗa na shekarun 1950 da 1960 ya cinye saura, ruwan sama mai kyau na wancan lokaci kuma ya ja manoma arewa cikin makiyaya. Sabuwar gwamnatin Nijar ta yi ƙoƙarin ja musu layi da dokar watan Mayu 1961, wadda ta kafa iyakar noma ta arewa, ta ce bayan wannan layi ƙasa ta kiwo ce. Layin yana nan a takarda, gonaki kuwa sun daɗe da tsallake shi. Ba abin mamaki ba ne: ƙasar da ke da mutum miliyan uku da ɗoriya lokacin samun ƴanci ta ƙirga fiye da miliyan 17 a ƙidayar 2012, kuma mafi yawansu a wannan siririyar ɗamara ta kudu suke.

Babban sauyin ya faru ne a cikin gonar kanta. Bayan fari na 1973 da 1984 manoma da ƴan kasuwa da ma'aikata suka mallaki dabbobi masu yawa, kiwon turke na ragunan layya ya zama sana'a, birane suka buɗe kasuwar abincin dabbobi. Sai kara da harawa suka yi kuɗi. Manomin da kakansa ke barin kara a tsaye ga shanun baƙo yanzu yana sarewa ya ɗaure ya ɗora a kan itace ko rufin ɗaki, har ciyawar daji ana sharewa da manjagara a loda wa amalanke. Da harshen da muka fara da shi, abin da yake kala ya koma roro. Makiyayi ya sauko daga arewa ya tarar da gona a share, burtali ya tsuke har saniya biyu ba sa jerawa, ga kuma wake ko rogo da bai gama nuna ba a gefen hanya. Mafi munin abin da wannan ya haifa shi ne na Toda a jihar Maraɗi, cikin Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, galibinsu mata da yara.

Abin da al'ada ta kasa riƙewa sai aka koma nemansa a doka. Ƙa'idojin tsarin karkara na 1993 sun kafa kwamitocin filaye, waɗanda ke shata burtali su kafa masa alamu. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa don sayarwa, ta kuma tabbatar da abin da ake kira sakin gonaki: hukuma ta yanka rana, galibi wajen ƙarshen shekara, wadda daga ita dabba na iya shiga gona ba a kira abin ɓarna ba. A nahiyar nan dokoki kaɗan ne suka kai ta adalci ga makiyayi. Rauninta shi ne tana iya buɗe ƙofar gona, amma ba ta iya tilasta wa mai gona ya bar wani abu a ciki. Ƙetare iyaka ma ya ƙara wuya. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1998 ta ba makiyayi damar wucewa da takardar shaida, amma jihar Binuwai a Najeriya ta hana kiwon sake a 2017, Jamhuriyar Benin ta rufe ƙofa ga garkunan waje a ƙarshen 2019, ita kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a farkon 2025.

Wanda gona da daji suka kasa ciyarwa sai ya tafi biɗa. Wannan kalma ita ce ta Gobir da Adar da Sakkwato a inda Bakano zai ce nema, kuma a Nijar ta ɗauki ma'ana ta musamman: a ce wane ya tafi biɗa, an san ya bar gari neman kuɗi. Cin rani ya fi ta bayyana manufa, domin mai cin rani yana cinye watannin rani ne a wani wuri don hatsin rumbunsa ya kai iyali damina. Rashinsa a gida ma riba ce, ko bai dawo da ko sisi ba. Ƙidayar da aka yi a hanyoyin lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953 ta ƙirga matafiya fiye da dubu ɗari biyu, cikinsu har da mutanen ƙasar Faransi. Muhimmancin wannan hanya ya fito fili a 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi. Mutanen Maraɗi suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari, domin a wurinsu toshe hanyar biɗa ya yi zafi daidai da rashin ruwa. Daga 2014 kuma biɗar ta sami sabuwar alƙibla, samari suka nufi Jado da na'urar gano zinariya.

Itatuwa su ne suka dawo, amma da sabon sharaɗi. Tun daga 1983, a ƙauyukan Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi lokacin sharar gona, abin da aka kira sassaben zamani. Aikin ya bazu ne sa'ad da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta riƙon hukuma, kuma masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo da aduwa da magarya sun ƙaru a gonaki fiye da yadda suke a shekarun fari. To amma itacen da mutum ya rena da hannunsa kiwo ne, yana da mai shi. A ƙauyuka da yawa yau ƴaƴan gawon da suka zubo mai gona ke tarawa a buhu ya kai kasuwa, makiyayin da ya ɗaga sanda zai kakkaɓe reshe sai ya nemi izini, matar da ba ta da gona kuma sai ta ƙara nisa kafin ta cika ƙwaryarta.